Verlon Tackett, Mai Janwen da Ya Tare Ƙofar Majalisa

Duk wanda ya saba sammako a Laurel Gap ya san Verlon Tackett ne yake riga kowa motsi a garin. Tun gari bai gama wayewa ba zai fito daga gida yana ɗingisa ƙafar hagu, ya zagaya bayan garejinsa inda motar janwe take kwana, ya warware sarƙa a ƙasa, ya bi ta da hannu daga tushe har ƙugiya. Ya duba tayoyi, ya duba mai. Sannan ya taka gefen motar da ƙyar, yana nishi yana zagin gwiwarsa, ya goge fitilar rawaya ta sama da hannun rigarsa. Matarsa Geneva ta yi faɗa a kan hannun rigar nan har ta gaji. Tsummokin da ta saya masa suna nan jibge a bayan kujera, ko ɗaya bai taɓa ba.

Daga nan sai gidan abincin Opal, inda yake zama kusa da ƙofa da baƙar gahawa da ƙwai da burodin masara, oba-oba ɗinsa a gefen faranti. Da wuya ya cinye. Yana tsakiyar ci muryar 'yarsa Twila za ta fito daga oba-oba, domin ita ce take zama a ofishin gareji tana amsa waya, ta ce wata mota ta sauka daga titi a kwanar tsohuwar mahaƙar kwal, ko tirela ta yi faci a kan gada. Zai ajiye cokali ya miƙe. Haka ya yi shekara arba'in da ɗoriya, rani da sanyi, har ranar Kirsimeti.

Mu faɗi gaskiya, babu mai ƙaunar mai janwe sai ranar da ya faɗa rami. Sauran ranaku kuwa, shi ne mugun da yake ɗauke maka mota don ka ajiye ta inda bai dace ba. Verlon kuma a wannan fanni ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ya ja motar surukinsa. Ya ja motar alƙali. Wata Lahadi Fasto Hensley ya tsaya a ƙofar 'yan kwana-kwana, wai zai shiga shago ya fito yanzu, kafin ya fito mota ta yi gaba. Verlon ya kai ta gareji, ya wanke hannu, ya zo coci ya zauna a sahun gaba yana rera waƙa da ƙarfi kamar bai san komai ba. Ranar Fasto ya yi wa'azi a kan jinƙai, idonsa a kan mutum ɗaya tun farko har ƙarshe, shi kuwa mutumin sai gyaɗa kai yake yi yana cewa amin.

Amma ka tambayi waɗanda suka taɓa tsayawa a gefen babbar hanya mota ta mutu, manyan motoci suna wucewa suna girgiza ta, za su ba ka wani labarin. Verlon ba ya gaisuwa idan ya iso. Abin da yake fara yi shi ne ya buɗe ƙofa ya fitar da kowa, ya tsallakar da su bayan ƙarfen gefen hanya, yaro da babba da kare. Sai ya ga kowa ya tsallaka sannan zai cire hula ya ce sannunku, ya tambayi abin da ya faru. Baƙi su kan ɗauka rashin ladabi ne. Mu da muka san shi mun san ya ga abin da ya gani.

Iyayen yaran da ke cikin motar makarantar da ta sulale cikin rafi a shekarar babbar ƙanƙara ba su manta ba. Sun iso a guje suka tarar da shi cikin ruwa har ƙugu, yana goyo yaran ɗaya bayan ɗaya yana kai su gaɓa, yana ba su labarin wani kifi da ya taɓa kamawa wanda ya fi motar girma. Yaran sun fito suna gardamar girman kifi, ba wanda ya yi kuka. Tun daga wannan ruwan gwiwarsa ba ta sake daidaita ba, kuma ban taɓa jin ya ambaci haka da bakinsa ba.

Kai ne, Verlon, wanda ake kira idan kowa ya ƙi fita. Kai ne mai zuwa da bargo da gahawa a gora, ka sa tsohuwa a gaban mota ka kunna mata ɗumi, kai kana waje hannunka yana manne wa ƙarfe. Mun zage ka a bayan idonka, mun kira ka ungulun titi, kuma duk ranar da muka maƙale lambarka muke nema.

Abin da ya sa garin nan zai daɗe yana ambatonsa ya faro ne daga rasuwar amininsa Odell Combs, shi ma mai janwe. Da rana tsaka ne, sama garau, Odell yana durƙushe yana ɗaura sarƙa a gefen babbar hanya, fitilarsa a kunne, wani mai a-kori-kura da idonsa ke kan waya ya bi ta kansa. Masu janwe suna da al'adarsu idan ɗayansu ya mutu a bakin aiki. Duk wanda ya ji zai zo da motarsa, a jeru a bayan gawa, fitilu a kunne, a raka shi har makabarta. Verlon ne ya ja gaban jerin Odell. A hanyar dawowa wani ɗan sanda ya bayyana masa abin da bai taɓa lura da shi ba. Dokar jiharmu ta ce idan direba ya hango fitila ja ko shuɗiya a gefen hanya, wato 'yan sanda ko motar asibiti ko kwana-kwana, dole ya rage gudu ya koma ɗaya layin. Ba ta ce komai a kan rawaya ba. Wasu jihohin Amurka sun sa masu janwe a cikin tasu dokar, tamu kuwa ta manta da su.

A lokacin Twila ta riga ta gama shirin karɓar motar. Ta girma a garejin nan, ta iya ɗaura sarƙa tun kafin ta iya kitso, tana da lasin, kuma kowa ya san ta fi ubanta iya ja da baya da mota a ɗaure. An ma yi magana a gida cewa zai huta ya je a gyara masa gwiwa. Sai ga shi a kan tebur, ana cin wake da burodin masara, ya ce ya fasa.

Twila ta ajiye cokali ta ce, "Baba, ni fa ba yarinya ba ce. 'Ya'yana biyu, babban ya kusa fin ka tsawo."

Ya ce, "Ko jikoki kika tara, ba za ki durƙusa a bakin titin nan ba sai doka ta san da zamanki."

"To kai da kake durƙusawa kullum, ta san da naka?"

"Ni tsohon ƙarfe ne. In an buge ni ba a yi wata asara ba."

Geneva ta jefe shi da tsumman goge tebur, ta ce ya sake faɗin haka ya ga inda zai kwana. Amma ya kafe. Mutum ne mai taurin kai irin na jaki, kuma wannan karon tsoro ne a ƙarƙashin taurin kan, tsoro na gaske, wanda yake hana shi barci.

Ya fara zirga-zirga zuwa babban birnin jiha. Ya samu ɗan majalisar yankinmu ya gabatar da ƙudiri, gajere, cewa a ƙara fitilar rawaya a cikin dokar. Babu wanda ya ƙi shi a baki. Amma duk ƙudirin da zai ci kuɗin gwamnati sai ya bi ta kwamitin kuɗi, kuma a can yake mutuwa. An lissafa cewa sai an sauya allunan gargaɗi na dukan manyan hanyoyin jiha, a sake buga littafin koyon tuƙi, a biya sanarwa a rediyo da talabijin, domin ba a cin mutum tara a kan dokar da ba a sanar da shi ba. Kuɗin da yawa. Shugabar kwamitin kuwa, Madam Nadine Prewitt, tsohuwar malamar lissafi ce wadda ba a taɓa jin ta kashe dalar gwamnati da wasa ba. Ba muguwa ba ce, kada wani ya faɗa muku haka. Mace ce da aka ba tukunya ƙarama da bakuna masu yawa. Sau biyu ƙudirin yana zuwa gabanta, sau biyu tana mayar da shi.

Ana cikin haka Buford Slone ya tsoma baki. Buford shi ne mai janwen tsallaken kogi, ƙato mai murya kamar salansa ta fashe, kuma shi da Verlon sun shafe rabin rayuwarsu suna rige-rigen isa wurin haɗari da zagin juna ta oba-oba. Ya shigo gidan Opal wata safiya ya ce, a gaban kowa, yana da mota zaune babu direba, idan wasu tsofaffi sun ɗaure 'ya'yansu a kujera kamar akuya, shi yana da aiki. Rabin maganar tsokana ce. Twila kuwa ta ɗauke ta da gaske. Ta gaya wa ubanta cewa da zarar ƙanƙara ta narke, ko ya ba ta makullin motarsa, ko ta karɓi na Buford. Ta gaji da amsa waya.

Nan abin duniya ya ishi Verlon. Ko ya yarda ko bai yarda ba, 'yarsa za ta durƙusa a bakin titi nan da 'yan makonni, kuma majalisa za ta rufe zama kafin lokacin. Zaman kwamiti guda ya rage. Sai ya ɗauki waya ya shiga kiran masu janwe na ko'ina a jihar, har da Buford. Abin da yake gaya wa kowa shi ne, kullum sai an mutu muke jeruwa da fitilu, ku zo mu jeru sau ɗaya saboda masu rai.

Suka zo kuwa. Waɗanda suka ga jerin a babbar hanya da safiyar ranar sun ce ba a hango ƙarshensa, manya da ƙanana, sababbi da kwaraɓaɓɓu, fitilu sai walƙiya suke yi cikin sanyi. Verlon yana gaba, sanye da kwat ɗin da ya sa a bikin Twila, ita kuma tana gefensa ta naɗe hannu, don har lokacin ba sa magana sosai. Ransa fes, yana ganin yau dai magana ta ƙare.

Sai dai akwai abin da babu wanda ya yi tunaninsa a cikinsu. Mai janwe bai taɓa neman wurin ajiye mota ba a rayuwarsa. Inda aiki yake nan yake tsayawa, ya kunna fitila, duniya ta zagaye shi. Da suka iso ginin majalisa haka suka yi. Suka jera motoci a bakin faffaɗan titin da ya gangaro ta gaban ginin, a tashar bas, a gaban famfon kashe gobara, a ƙarƙashin kowane allo da ya ce kada a tsaya. Buford ya kafa tasa daidai ƙofar da 'yan majalisa suke fita da motocinsu, don ta fi kusa da matakala. Suka kashe inji, suka bar fitilu a kunne don jama'a su gani, suka gyara wando suka shiga da alfahari.

A cikin zauren abin bai yi wa Verlon daɗi ba. Ya kwana biyu yana haddar jawabi a gaban madubi, amma da aka kira sunansa ya tsaya gaban lasifika sai komai ya gudu. Ya ambaci Odell, ya ce yana da 'ya, ya tsaya yana murza hula. Madam Prewitt ta jira shi da haƙuri, sannan ta cire tabarau.

Ta ce, "Mista Tackett, ban taɓa cewa ran mai janwe ba shi da daraja ba. Amma kuɗin nan daga wani wuri zan ciro su. Ka taimake ni. Daga motocin 'yan makaranta zan cire, ko daga asibitocin ƙauye?"

Mutumin da ya tsamo yara daga rafi ba zai ce a taɓa motar makaranta ba. Verlon ya ga ƙudirin yana mutuwa a karo na uku, shi kuma yana tsaye yana kallo.

A daidai nan waya ta yi ƙara a bayan zaure. An rubuta a ƙofa cewa a kashe waya, amma mai janwe da ya kashe waya ya kashe abincinsa, don haka babu wanda ya kashe. Wata wayar ta ɗauki ƙara a gefe, wata a tsakiya, kafin ka ce me zauren ya kaure. Buford, wanda bai san magana a hankali ba, ya amsa tasa.

"Janwen Slone, ina aka maƙale? A ƙofar majalisa? Wane marar hankali ne ya tare ta?" Ya saurara. "Ja ce? Mai hoton kifi a baya?" Ya dafe kai. "'Yar nan, ai tawa ce."

Ofishin 'yan sanda ne yake bin masu janwe ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai zo ya kwashe motocin da suka toshe majalisa, kuma duk wanda aka kira yana zaune a cikin zauren. Dariya ta ɓarke, har 'yan kwamiti suna riƙe ciki. Madam Prewitt kaɗai ta yi kicin-kicin da fuska. Ta buga guduma ta ce an ɗage zama sai bayan azahar, sannan za a kaɗa ƙuri'a. Kunya ta rufe Verlon. Ya zo roƙon doka, ya tarar shi da mutanensa sun karya doka a ƙofar masu yin ta, sun kuma tare su daga cin abincin rana, laifin da ɗan majalisa ba ya yafewa.

A waje 'yan sanda suna bin motoci suna liƙa takardar tara, bakinsu har kunne. Kowa ya ruga ya tayar da tasa ya matsa. Ta Buford ta ƙi. Fitilun da ya bari a kunne cikin sanyi sun shanye tsohon batirinsa, ko tari motar ba ta yi. A bayan ƙofar kuwa motar farko da take jiran fita ta Madam Prewitt ce. Ta fito ta tsaya a bakin titi da jakarta a hannu, tana kallo.

Babu yadda za a yi sai janwe ya ja janwe. Verlon ya kawo motarsa gaban ta Buford, ya sauko da sarƙa, ya je zai durƙusa, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya gwada, ya sake gwadawa, gumi ya keto masa duk da sanyin. Twila ta cire rigar sanyinta ta jefa masa a kafaɗa, ta karɓe sarƙar, ta kwanta a kan kwalta ta shige ƙarƙashin motar ta gefen titi, don ta nan kaɗai ƙugiya za ta kama. Ƙafafunta suna waje, a kan farin layi.

Daga inda Madam Prewitt take tsaye ana ganin komai. A can sama motar 'yan sanda tana tsaye da shuɗiyar fitilarta, kuma kowace mota da ta gangaro tana rage gudu ta kauce mata, kamar yadda doka ta ce. Suna wuce ta sai su taka mai su dawo layinsu, daidai inda fitilun rawaya suke, daidai inda ƙafafun Twila suke. Verlon ya ga haka. Ya ɗingisa ya shiga titi, ya tsaya tsakanin 'yarsa da motoci, ya buɗe hannuwa cikin kwat ɗin biki. Motoci suka riƙa gifta shi suna danna oda. Wata bas ta zo, madubinta ya ɗebe masa hula daga ka, iskarta ta kaɗa shi, ya yi taga-taga ya sake tsayawa a inda yake. Bai matsa ba sai da ya ji Twila ta ce ta ɗaura.

Hular ta gangara har gaban Madam Prewitt. Ta sunkuya ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta kawo masa da kanta.

Ta ce, "Kullum haka ne?"

Ya ce, "A'a, ranki ya daɗe. Yau da sauƙi, cikin gari ne, ba sa gudu."

Sannan ta ce har yanzu ba ta da kuɗin alluna, kuma ba za ta yi masa ƙarya ta ce tana da su ba. Ta juya tana bin jerin motocin da kallo, irin kallon da malamar lissafi take yi wa allo. Ta tambaya ko waɗannan motocin kullum suna kan hanya, aka ce mata dare da rana, a kowane lungu na jihar. Ta ce to ga alluna nan masu taya, bayansu fili guda, babu komai a kai sai hoton kifi da sunayen 'yan mata. Idan masu janwe za su rubuta gargaɗin a bayan motocinsu da kuɗinsu, ita za ta gyara ƙudirin. Allunan hanya a riƙa sauya su a hankali, duk wanda ya tsufa a maye shi da sabo mai ɗauke da dokar. Littafin tuƙi a jira lokacin da dama za a sake buga shi. Abin da zai rage wa gwamnati ba zai taɓa motar makaranta ba.

Buford ya fara cewa kifinsa fa ya kashe kuɗi a kansa. Twila, tana goge baƙin mai a fuska, ta ce, "Kawu Buford, ko ka shafe kifin nan ko mu bar ka a nan ka tura ta da ciki." Ya ce a shafe.

Madam Prewitt ta ƙara sharaɗi ɗaya, ta ce duk takardar tarar da aka liƙa yau sai an biya ta, ba ta son jin roƙo. Bayan azahar aka kaɗa ƙuri'a, ƙudiri ya wuce kwamiti da ƙyar, ita ta fara ɗaga hannu. Kafin majalisa ta rufe ya zama doka.

Labarin tarar ya riga Verlon isowa gida. Ranar da ya je biya, ya tarar da rabin Laurel Gap a ƙofar ofishin biyan tara na garinmu, duk waɗanda ya taɓa ja wa mota, an zo kallo. Surukinsa ya kawo kujera. Fasto Hensley ya dafa kafaɗarsa ya ce Ubangiji ba ya gaggawa, amma yana amsa addu'a. Verlon ya biya yana dariya har da hawaye, kuma na ji ya ce bai taɓa kashe kuɗin da ya yi masa daɗi kamar wannan ba.

A ƙarshen watan jiya dokar ta fara aiki, a ranar kuma ya miƙa wa Twila makulli a tsakar gareji, babu taro babu jawabi. Geneva ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Kira na farko ya shigo da hantsi, mota ta mutu a babbar hanya ƙasan gadar sama. Twila ta fita. Verlon ya zauna, ya tashi, ya zagaya, ya sake zama, daga ƙarshe ya roƙi Geneva ta kai shi kan gadar. Suka tsaya suna leƙe. Ga motar can ƙasa, fitila tana juyawa, ga Twila ta tsallakar da mutane bayan ƙarfe, ta dawo ta durƙusa. Daga nesa wata tirela ta taho. Verlon ya damƙe ƙarfen gada. Tirelar ta kunna sigina, ta rage gudu, ta koma ɗaya layin. Ta bayanta ta bi ta, ta bayan wannan ma haka, layin da ke kusa da Twila ya zama wayam. Geneva ta ce Verlon ya share ido da bayan hannu ya ce mata su tafi gida, a kira likitan gwiwa.

Mun gode, Verlon. Mun gode da ruwan sanyin da ka shiga saboda 'ya'yanmu, da shekarun da ka yi kana durƙusawa a inda babu mai son tsayawa. Kai ne ka je majalisa ka kasa jawabi, ka tare ƙofa, ka sha tara, ka dawo mana da doka. Odell bai ga wannan rana ba, amma abokan aikinsa za su ci moriyarta, har da waɗanda ba su san sunanka ba. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka daɗe kana cika mu da labarin kifi.

Saura mu masu riƙe sitiyari. Doka rubutu ce, ba ta tare ƙarfe, kuma Geneva ta ce ko a ranar nan sun ga mota ɗaya da ta wuce a guje ba ta kauce ba. Ba kowa zai iya abin da Verlon ya yi ba, amma abin da ya roƙa bai fi ƙarfin kowa ba. Idan kuka hango fitilar rawaya a gefen hanya, ku ajiye waya, ku ɗaga ƙafa, ku koma ɗaya layin. Wataƙila Twila ce a ƙarƙashin motar, kuma yanzu ubanta ba ya tsaye a bayanta.